Rarraba Zanen Yatsu a Aikin 'Yan Sanda

Rarraba zanen yatsu hanya ce da 'yan sanda suke bi wajen kasa tambarin yatsun mutane rukuni-rukuni bisa siffar layukan da ke cikin fatar yatsa, domin a sauƙaƙa nemo mutum ɗaya a cikin dubban katunan da aka adana. Waɗannan layuka suna samuwa ne tun jariri yana ciki, ba sa sauya tsari har mutuwa, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya kowa da nasa.

Manyan siffofin uku ne, kamar yadda masanin kimiyya Francis Galton ya bayyana a Ingila a 1892. Akwai lanƙwasa, wadda layukanta suke shigowa ta gefe guda su juya su fita ta inda suka shigo, ita ce kuma ta fi yawa, domin ta kai wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari. Akwai naɗe, mai kama da gammo, sannan akwai baka, wadda layukanta suke ɗan yin tudu a tsakiya su wuce, ba ta kuwa fi kashi 5 ba.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a ƙasashen da Ingila ta mallaka shi ne na Edward Henry, wani babban jami'in 'yan sanda ɗan Ingila, tsarin da aka fara aiki da shi a Kalkata ta Indiya a 1897, ko da yake ma'aikatansa biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su ne suka yi mafi yawan lissafin, sunan maigida kuma ya rufe nasu. A wannan tsari ana ƙirga yatsu goma daga babban yatsan dama, a haɗa su biyu-biyu, a ba duk yatsan da yake da naɗe maki 16, 8, 4, 2 ko 1 gwargwadon matsayinsa. Ana rubuta lambar rukuni ne kashi biyu, sama da ƙasa: jimillar makin yatsu na 2, 4, 6, 8 da 10 tana sama, ta sauran tana ƙasa, sai a ƙara 1 a kowane ɓangare. Wanda yake da naɗe a babban yatsan dama kaɗai, alal misali, lambarsa 1/17 ce, rukunan kuma gaba ɗaya 1,024 ne.

Sai dai rukuni ba ya kama ɓarawo, abin da yake yi kawai shi ne nuna akwatin da za a buɗe. Tabbatar da mutum sai ƙwararre ya gwada ƙananan alamomi, wato inda layi ya katse da inda ya rabu biyu.

A Accra, babban birnin Ghana, mazaunin Nima ko Sabon Zango da ke neman takardar shaidar rashin laifi yakan je ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsunsa. Dangwala yatsa a kan na'ura kuwa ya zama ruwan dare tun rajistar masu zaɓe ta 2012 da kuma Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, inda kwamfuta take gwada ƙananan alamomin kai tsaye ba tare da lissafin Henry ba.