Ma'anar "rimek", da abin da ake ta kira da sunan ba shi ba ne

Da zarar tsohon wasan harbi ya sake fitowa a PlayStation ko Switch ko waya, sai masu sharhin gem a YouTube da TikTok su ce "an yi rimek ɗinsa". Sau da yawa ba a yi ba. Kalmar ta Turanci ce, ma'anarta sake ƙerawa: a ajiye tsohon shirin gefe, a rubuta sabo daga tushe, a zana sabbin hotuna, a ɗauki sabon sauti. Kamar a rushe gida ne a sake gina shi a kan tsohon fasalinsa. Rimasta kuwa yaɓe ne da fenti, ginin yana nan. Daga harkar waƙa aka aro ta, inda ake ɗauko asalin kaset a tace muryarsa. Na uku shi ne emuleta, manhajar da ke sa kwamfutar yau ta kwaikwayi tsohon injin, sai a ɗora mata ainihin shirin ba a taɓa ko harafi ba. Haka manhajar MAME ke aiki tun 1997, haka kuma jerin Arcade Archives na kamfanin Hamster. Wannan ba rimek ba ne ko kusa.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda ake auna rimek da kyawun hoto, alhali ran wasan harbi yana cikin lokaci ne.

A ɗauki Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito na Japan a 1978. Dodanni 55 ne, layi biyar, kowane layi 11. Kowa ya san suna fara tafiya a hankali, sannan suna ƙara gudu yayin da ake kashe su, har na ƙarshe ya dinga tsere kamar walƙiya. Daga ina gudun ya fito? Ƙwaƙwalwar injin Intel 8080 ce, ba ta da ƙarfin motsa su duka a lokaci guda. Allon yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kuma a kowane hoto dodo ɗaya kacal ake matsarwa. Idan su 55 ne, sai an ci kusan daƙiƙa guda kafin rundunar ta yi taku ɗaya. Idan saura goma, taku shida a daƙiƙa. Idan saura ɗaya, duk hoto sai ya motsa. Nishikado ya ga haka ya bar shi, domin shi ne ke sa gaban ɗan wasa faɗuwa, ga kiɗan nan mai sauti huɗu yana ƙara sauri kamar bugun zuciya. To wanda zai sake rubuta wasan a injin yau, da zai iya motsa dodo dubu ba ko gezau, dole ya gina wannan lissafin da hannunsa. In ya raba gudun mataki uku ko huɗu kawai, hoton zai yi kyau, amma hannun tsohon ɗan wasa zai gane an yi masa musanya tun layin farko bai ƙare ba.

R-Type na kamfanin Irem, na 1987, da tasa matsalar. Allonsa kusan hoto 55 yake bayarwa a daƙiƙa, talabijin ɗin yau kuwa 60. Ko dai a bar wasan ya bi 60, gudunsa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, ko a maimaita hoto biyar a kowace daƙiƙa, jirgin ya dinga ɗingishi. A wasan da ake haddace inda kowane harsashi zai biyo, kashi 9 ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa R-Type Dimensions na 2009 ya cancanci yabo: maɓalli ɗaya ke juya hoton daga sabo zuwa tsoho ana tsakiyar wasa, maƙiyan suna nan inda suke, mutum ya gani da idonsa abin da aka canza.

Faɗin allo ma yana ɓarna. Galaga na 1981 a tsaye allonsa yake. A shimfiɗa shi ya cika faffaɗan allo, tazarar da ke tsakanin jirgi da maƙiyi ta sauya. Gyaransa a bar baƙi a gefe biyu, ko a juya allon a tsaye, abin da 'yan wasa ke kira "tate". Sai kuma jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin harsashi. Hoto ɗaya kusan milidaƙiƙa 17 ne, kuma talabijin mai ƙawata hoto na iya cinye hotuna da dama, don haka a kunna yanayin wasa a saitinta kafin a zargi wasan.

Su Tempest 2000 na Jeff Minter, na 1994, da Space Invaders Extreme na 2008, su ma ba rimek ba ne, domin sun sauya dokokin wasannin asali ƙwarai, har sun fi kama da 'ya'yan da suka gaji sunan uba.

The House of the Dead na Sega kuwa an yi masa rimek na gaskiya a 2022, amma bindigar wasa da ake riƙewa ana saita allo da ita ba ta biyo shi ba. Irin bindigar da ake haɗawa da tsohuwar talabijin mai ƙeya tana gane inda aka saita ta ne ta hanyar lura da lokacin da hasken da ke zana hoton layi-layi ya iso gabanta. Allon zamani ba haka yake zana hoto ba, sai aka koma saiti da sandar fad (abin da ake riƙewa a sarrafa wasan) ko na'urar jin motsi da ke cikinsa, wadda saitinta ke zamewa sai an dinga daidaita shi. Mai son abin da ya fi kusa da na da, sai bindiga irin Sinden, mai kyamara a baki, wadda ke karanta farin layin da ake zagaye allon da shi.