Lasisin Kasuwanci da Matsayinsa a Gaban Kotu

Lasisin kasuwanci izini ne da hukuma take bai wa mutum domin ya yi wata sana'a da doka ta hana a yi ta sai da amincewar hukuma. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, shaguna da gidajen burodi, shi ya sa mai shago a Daura ko a birnin Katsina yakan nemi takardarsa a ƙaramar hukuma.

'Yan kasuwa da yawa suna ɗauka cewa tun da sun biya kuɗi an ba su rasit, to ciniki ya faɗa tsakaninsu da gwamnati. Doka ba ta kallon abin haka. Yarjejeniyar da kotu take tilasta a cika, bisa dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, sai da tayi, da karɓar tayin, da abin da kowane ɓangare ya bayar a madadin abin da ya samu. A lasisi kuwa babu taye-taye, domin doka ce ta gindaya sharuɗɗan, kuɗin da aka biya kuma haraji ne. Hukuma ba ta da ikon ɗaure hannunta da alkawarin cewa ba za ta sauya ƙa'ida ba idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, kuma a kan wannan ne Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a 1880, bayan da jihar Misisifi ta haramta cacar da ta riga ta bai wa wani kamfani izinin gudanarwa.

Wanda aka soke wa lasisi yana da hanyar kai kuka, amma ba ta ƙarar karya yarjejeniya ba. Yakan roƙi Babbar Kotun Jiha ta duba ko hukumar ta wuce hurumin da doka ta ba ta, ko ta hukunta shi ba tare da jin ta bakinsa ba, abin da ya saɓa wa sashe na 36 na Kundin. Jinkiri a nan yana da haɗari, domin dokar kare jami'an gwamnati ta taƙaita wa'adin shigar da ƙara zuwa wata uku.

Hayar rumfa a kasuwar hukuma daban take, domin ita haya ce ta zahiri, wadda malaman fiƙihu suke kira ijara, kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta bayyana cewa wancan wa'adi na wata uku bai shafi ƙarar da ta taso daga yarjejeniya ba.