Stu Ungar

Stuart Errol Ungar, wanda aka fi sani da Stu Ungar, ƙwararren ɗan wasan karta ne ɗan ƙasar Amurka da aka haifa a birnin New York ranar 8 ga Satumba, 1953. Masana wasan foka (wani nau'in wasan karta da ake sa kuɗi a cikinsa) da dama suna ɗaukarsa a matsayin mafi hazaƙa a cikin duk waɗanda suka taɓa zama a teburin gasa.

Ba da foka ya fara yin suna ba. Mahaifinsa mai karɓar kuɗin 'yan caca ne, don haka tun yana ƙarami ya saba da karta, kuma ya gwanance a wasan Gin Rummy har ya kai matsayin da manyan 'yan wasa suka daina yarda su kara da shi. Rashin abokin karawa ne ya tura shi zuwa foka bayan ya koma Las Vegas a ƙarshen shekarun 1970.

A 1980 ya shiga babbar Gasar Foka ta Duniya, wato WSOP, a gidan caca na Binion's Horseshoe, ya kuma lashe ta bayan ya doke Doyle Brunson, wanda ya riga ya ci gasar sau biyu. Ya sake lashe ta a 1981. A irin wannan gasa kowa yana biyan dala 10,000 kuɗin shiga, kuma duk wanda tsabar wasansa, wato 'yan fayafayan da ake amfani da su a madadin kuɗi a teburi, ta ƙare ya fita ke nan, saboda haka yawancin 'yan wasa kan taka a hankali. Ungar kuwa matsa wa abokan karawa yake yi ba ƙaƙƙautawa, yana ƙara kuɗi ko da katinsa ba shi da ƙarfi, domin yana da kaifin haddar katunan da suka fita da kuma baiwar gane halin da mutum ke ciki daga yadda ya ajiye kuɗinsa.

Abin takaici shi ne dukiyar da ya samu a teburi ba ta zauna a hannunsa ba, ta tafi a cacar wasanni da tseren dawakai da hodar iblis, wadda ta lalata masa lafiya.

A 1997 ba shi da ko kuɗin shiga gasar, sai abokinsa Billy Baxter ya biya masa. An yi zagayen ƙarshe a fili a titin Fremont da ke Las Vegas, inda ya doke John Strzemp ya ci dala miliyan 1, suka raba da Baxter. Wannan ya sa shi da Johnny Moss kaɗai ke da kambun gasar sau uku, ko da yake na farkon Moss, a 1970, ta hanyar ƙuri'ar 'yan wasa aka ba shi.

An tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas ranar 22 ga Nuwamba, 1998, yana da shekara 45. A 2001 aka sanya sunansa a jerin gwarazan foka na tarihi.