Zama ɗan ƙasa biyu ga 'ya'yan sojoji da aka haifa a waje

Zama ɗan ƙasa biyu shi ne ƙasashe biyu su ɗauki mutum ɗaya a matsayin nasu a lokaci guda, kowacce bisa dokarta. Batun yana yawan tasowa a gidajen sojoji, domin soja ba ya zaɓen inda za a tura shi, haihuwa kuma ba ta jira a dawo gida. A Sakkwato, inda hedikwatar Runduna ta 8 ta sojojin ƙasa da barikin Giginya suke, akwai iyalan da wannan tambaya ta shafa: yaron da aka haifa lokacin da mahaifinsa yake kwas ko aiki a wata ƙasa, ɗan ina ne?

Tushen dokar

Ƙasashe suna bin ɗayan hanyoyi biyu, ko su haɗa su. Wasu jini suke dubawa, wato ɗa ya gaji ƙasar iyayensa ko ina aka haife shi. Wasu kuma wurin haihuwa suke dubawa. Yaro yana zama ɗan ƙasa biyu idan ƙasar iyayensa tana bin jini, ƙasar da aka haife shi kuma tana bin wurin haihuwa.

Najeriya jini take bi. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a wajen ƙasa, matuƙar mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ba a bambanta uwa da uba ba, ba a kuma ware wa soja wata doka ta daban ba. Sashe na 28 ya bar ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe wata ƙasar ba tare da ya rasa tasa ba. Wanda sharaɗi ya hau kansa shi ne wanda ya samu zama ɗan Najeriya ta rajista ko ta daɗewar zama. Ke nan ɓangaren Najeriya ba shi da gardama. Ƙasa ta biyun ce take bukatar bincike.

Matsayin uba a ƙasar da aka tura shi

Hafsoshin Najeriya sun daɗe suna zuwa horo a Sandhurst ta Ingila, da Wellington ta Indiya, da Kwetta ta Pakistan, da kwalejojin soja na Amurka. Wasu kuma ana tura su ofisoshin jakadanci a matsayin jami'an tsaro, wato wakilan rundunar soja a ofishin. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na uku ya riƙe irin wannan muƙami a Pakistan kafin ya hau gadon sarauta a 2006. Waɗannan ayyuka biyu ba ɗaya ba ne a idon doka, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa.

A Amurka, gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1868 ya ba wanda aka haifa a ƙasar 'yancin zama ɗanta, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 1898 a shari'ar Wong Kim Ark. Amma an keɓe 'ya'yan jami'an da suke da cikakkiyar kariyar diflomasiyya. Saboda haka ɗan hafsan da ya je kwas kan samu fasfon Amurka, ɗan jami'in tsaro na ofishin jakadanci kuwa ba ya samu, ko da asibiti ɗaya aka haife su. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin taƙaita wannan 'yanci, aka kuwa garzaya kotu da batun.

Birtaniya ta daina bayarwa saboda haihuwa kaɗai tun 1 ga Janairu, 1983. Yanzu sai ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasar ne ko yana da izinin zama na dindindin. Indiya ma ta tsaurara tata dokar, kuma ba ta yarda da ƙasa biyu ba. Saudiyya ta wajen uba take lissafi, don haka haihuwa a Makka ko Jidda ba ta mayar da yaro ɗan can.

Sojojin Amurka da ke Jamus ko Japan suna fama da wata fahimta maras tushe, cewa barikinsu ƙasar Amurka ce. Ba haka ba ne. Yaron da aka haifa a asibitin sojojin Amurka na Landstuhl da ke Jamus ta wajen iyayensa yake samun ƙasa, sai an je an yi masa takardar shaida a ofishin jakadanci.

'Ya'yan da aka bari a baya

Sojan da ya tafi aikin wanzar da zaman lafiya ba ya tafiya da iyali. Duk da haka, bayan zuwan dakarun ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, Laberiya a 1990, sannan Saliyo, an haifi yara da dama waɗanda iyayensu maza sojojin Najeriya ne, iyayensu mata kuma 'yan can. A bisa sashe na 25 waɗannan 'yan Najeriya ne tun ranar haihuwa. Sashe na 42 ma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Matsalar ita ce hujja. Uban ya koma gida, ko ya rasu a fagen daga, ko ya ƙi amsa cewa nasa ne, uwar kuma sau da yawa sunansa kaɗai ta sani. A fikihun Malikiyya da ake bi a Sakkwato nasaba da gado suna rataye ne a kan aure, amma zama ɗan ƙasa hukunci ne na kundin tsarin mulki, bai kamata a cakuɗa su ba. Waɗannan yara, da yanzu sun zama magidanta, su ne suka fi cutuwa a wannan babi, kuma su ne aka fi mantawa.

Takardu da nauyin da ke biye

Abin da ya fi dacewa shi ne a karɓi takardar haihuwa daga hukumar ƙasar da aka haihu, a kai ta ofishin jakadancin Najeriya a yi wa jariri fasfo kafin a dawo. A gida kuma akwai lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar asali daga ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, wadda ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aiki. Wannan takarda asalin uba ake dubawa wajen bayar da ita, ba garin haihuwa ba. Kuskuren da ya fi wahalar da iyalai ƙarami ne: a rubuta Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata, shekaru su wuce ana rantsuwa a kotu.

Fasfo na biyu yana zuwa da nasa nauyin. Amurka tana bukatar 'yan ƙasarta su cika takardun haraji ko ina suke zaune, maza kuma su yi rajistar aikin soja idan sun kai shekara 18. Game da siyasa, sassa na 66, 107, 137 da 182 na kundin tsarin mulkin Najeriya sun hana takara ga wanda ya nemi wata ƙasa da kansa, amma an ɗaure su da sashe na 28, yaron da ya samu ƙasar ta haihuwa kuwa bai nema ba. Wanda ya ga ya fi masa ya ajiye ta Najeriya, sashe na 29 ya ba shi dama bayan ya cika shekara 18, sai dai shugaban ƙasa na iya ƙin amincewa idan Najeriya tana cikin yaƙi.