Da me ake auna tasirin mai bincike kan sola da haidurojin?

Ƙanena yana karatun makamashi mai sabuntuwa a Jami'ar Marwa. Da ya zo hutu Garwa muka zauna a zaure bayan isha'i, an ɗauke wuta, ya dinga jero mini tambayoyi a hasken 'yar fitilar sola. Ga abin da muka tattauna.

Yaya, in an ce mai bincike yana da tasiri, me ake nufi?

Galibi ana duba sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. A 2005 wani masanin fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin h: mai lamba 40 yana da maƙalu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Rumbunan maƙalu na intanet irin su Google Scholar da Scopus suna fitar da wannan lissafi.

To lambar ta wadatar ke nan?

Ni dai ba ta gamsar da ni. Ka dubi Martin Green na Jami'ar New South Wales da ke Sidni, a Ostareliya. A 1983 ya ƙirƙiro ƙwayar sola (abin da ke mayar da haske wuta a cikin faifai) mai suna PERC, wadda ake yi wa wata siririyar shimfiɗa a baya, hasken da ya ratsa silikon ya dawo ciki a sake amfana da shi. Ɗalibinsa Shi Zhengrong ya koma ƙasar Sin ya kafa kamfanin Suntech a Wuxi a 2001, wasu almajiran nasa ma suka riƙe ragamar fasaha a masana'antun can. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma a farkon shekarun 2020 akasarin wanda ake ƙerawa a duniya PERC ne. Mai cajin waya na bakin layinmu, da faifansa a jingine kan rumfa da wayoyi jere a kan tebur, bai taɓa jin sunan Green ba, alhali da wuya in ba aikin Green ɗin ke ciyar da shi ba.

Haidurojin fa, wa ya yi fice?

A 1972 Akira Fujishima da malaminsa Kenichi Honda na Jami'ar Tokiyo suka wallafa a mujallar Nature cewa haske na iya raba ruwa gida biyu, haidurojin (iskar da ake iya amfani da ita a matsayin makamashi) da iskar oksijin, in an yi amfani da sinadarin titaniyom dayoksaid. An ambaci maƙalar sau dubbai. Amma yau fiye da shekara 50 hanyar ba ta kai kasuwa ba, domin sinadarin ɗan kaɗan yake kamawa daga hasken rana. Inda ta yi riba shi ne gilashi da tayil masu wanke kansu. Har gobe mafi yawan haidurojin daga iskar gas da kwal ake samunsa.

Mu a nan zai amfane mu?

Abin da ke jan hankalina taki ne. Da haidurojin ake yin amoniya, daga amoniya ake yin yuriya, kuma ka san yadda manoman auduga da masara ke shan wahalar kuɗin buhu. Rana muna da ita. Sai dai raba ruwa da wutar lantarki don samun kilo ɗaya na haidurojin yana cin tataccen ruwa lita 9 da wuta kimanin kilowat-awa 50, kai kuma ka ga yadda kogin Marwa ke komawa rairayi da rani. Madatsar Lagdo ma, mai megawat 72, ƙarfinta raguwa yake in ruwan Binuwai ya ja baya. Shi ya sa aka kafa tashoshin sola masu batura a Marwa da Gidar. A ganina gidaje da asibitoci su fara samun wuta tukuna.

Ni a kan me zan yi nawa binciken?

Ƙura da zafi. Ana gwada faifai a digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce 40, kuma kowane digiri da ƙwayar ta ƙara yana rage mata ƙarfi. Auna mana asarar da hazon hunturu ke jawowa a mako, da yadda za a goge faifai ba tare da ɓarnar ruwa ba. Mai yiwuwa ba za a ambace ka sau dubu ba, amma masu haɗa sola daga nan har Kuseri za su nemi lambobinka.

Da asuba na tarar da shi a kan tsani, ya ja yatsa a faifan gidanmu yana duban jar ƙurar da ta kama masa hannu.