Me ake nufi da "gas ya ƙare" a iyakwandishan?

Da zarar zafin watan Maris ya sauka a Abuja, ɗaki ya ƙi yin sanyi, abin da mai gyara ya fi saurin faɗi shi ne "Alhaji, gas ya ƙare." To gas ɗin nan ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa. Sinadari ne da ke zagayawa cikin rufaffen bututun jan ƙarfe, ya kwashi zafin ɗaki ya kai waje. Na'ura ba ta shan sa. In ya ragu, yoyo ake yi a wani wuri.

Alamarsa, ƙanƙara a kan siririn bututun na'urar waje, ko maiƙo a bakin noti inda bututu ya haɗu. Amma a fara wanke matatar iska da na'urar waje, don ƙurar hunturu kaɗai tana hana sanyi, haka ma mutuwar kafasita, wato ɗan abin da ke taimaka wa injin na'urar tashi.

Cika gas ba tare da toshe yoyo ba zubar da kuɗi ne. Ƙwararre zai nemo wurin da ruwan sabulu ko iskar naitirojin, ya sake bakin bututun ko ya yi walda, ya zuƙe iska da danshi da famfon zuƙa, sannan ya auna gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin na'urar. Wanda ya zo da silinda kawai, a sallame shi. Gas ɗin da ke dawowa shi ke sanyaya kwampiresa, wato injin da ke tura gas ɗin, in ya yi ƙaranci sai ta yi ta zafi har ta ƙone.

A duba irin gas ɗin ma. Tsofaffin na'urori da R22 suke aiki, wanda ake janyewa a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Sababbi R410A ne ko R32, masu matsi fiye da R22, man kwampiresarsu ma daban, don haka ba a gauraya su.

Yoyon bakin noti gyara ne mai sauƙi. In kuwa na'urar R22 ce da ta haura shekara goma, bututun cikin ɗaki ya huje a wurare da dama, ko kwampiresa ta ƙone, gara a sayi sabuwa mai inbata, wato mai rage cin wuta, musamman ga masu layin Band A, wato rukunin da aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, da kuɗin wutarsu ya tashi tun Afrilun 2024.