Harshen uwa: me kalmar take nufi ga yaron da ya tashi a Legas?

Idan aka je sa yaro makaranta a Agege ko Idi-Araba, wani lokaci malama takan tambayi uba mene ne harshen uwar yaron, shi kuma ya ce Hausa ba tare da ya tsaya tunani ba. Yaron kuwa da ke riƙe da gefen rigarsa, da Yarbanci yake rigima a filin ƙwallo, da Buroka (wato Turancin Pidgin) yake sayo burodi a bakin titi, da Larabci yake addu'ar kwanciya, sai in ya faɗi ya ƙuje gwiwa sannan Hausa ta fito. Uban bai yi ƙarya ba, amma amsar tasa ba ta cika ba.

Kalmar dai fassararta aka yi daga Turanci, shi ya sa take rikita mutane. Abin da masana harshe da malaman makaranta ke nufi da ita shi ne harshen da yaro ya fara buɗe baki da shi, wanda ya tsinta da kunne a tsakar gida ba tare da allo ko bulala ba, kuma ya fi sakewa a cikinsa in zai faɗi abin da ke ransa. Ba dole ne ya zama na mahaifiya ba. Babarbariyar da ke aure a gidan Hausawa a Obalende, in da Hausa take yi wa ɗanta magana, to Hausa ce harshen uwarsa. Yaro kuma yana iya tashi da guda biyu, idan uba Bakano ne uwa Bayarabiya, kowa yana yi masa nasa tun yana goye.

Akwai wata kalma da ke tafiya da ita a takardun gwamnati, wato harshen muhalli, wanda jama'ar gari ke yi. Tsarin Ilimi na Ƙasa, da aka fara fitarwa a 1977, ya ce a fara koyar da 'yan firamare da harshen uwa ko na muhalli, daga baya Turanci ya karɓa. A Kano biyun abu ɗaya ne. A Legas sun raba gari, domin harshen muhalli Yarbanci ne, kuma a 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar da ta wajabta koyar da shi a matsayin darasi a makarantun jihar, na gwamnati da na kuɗi. A Nuwamban 2022 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya sanar da cewa za a koyar da yara da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci. Ko da ma tsarin ya ɗore, ɗan Bahaushe da ke aji biyu a Mushin ba da Hausa za a koyar da shi ba. Hausarsa ba ta da aji sai tsakar gida, sai kuma Islamiyya in an yi dace.

A nan iyaye da yawa ke tafka kuskure, kuma da kyakkyawar niyya suke yinsa. Suna ganin Hausa za ta tare wa Turanci hanya, sai su daina yi wa yaro ita. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna akasin haka: yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, Turanci yana darasi ɗaya cikin darussa, ba su gaza sauran ba ko a Turancin. Dalilin a fili yake. Yaron da ya gane "saboda" da "da a ce" da "kafin" a Hausa, ya iya ƙirga goma-goma, ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, in ya shiga aji sunaye kawai zai sauya wa abin da ya riga ya sani. Uwar da Turancinta bai wuce na cefane ba kuwa, in ta bar Hausa, maganarta da ɗanta takan koma umarni zalla: zo, zauna, ci, yi shiru. Babu tatsuniya, babu bayanin dalili, babu barkwanci. Sai yaro ya tashi da 'yan kalmomi a harsuna huɗu, babu wanda ya isa ya yi dogon tunani da shi.

Zaizayewar Hausar yaro tana da alamomi, kuma wadda kunne ya fi saurin kamawa ita ce ta jinsi. Za ka ji "Mama ya dawo" ko "yarinyar ya faɗi", domin Yarbanci da Buroka ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna. Sai haruffa masu lanƙwasa: ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, ɓari ya zama bari. Sai jam'i, inda gidaje ke komawa "gida da yawa". Ta ƙarshe ita ce a yi masa Hausa ya gane sarai, amma ya amsa da Buroka. Surka harsuna cikin jimla ɗaya, abin da ake kira Ingausa in da Turanci ne, shi kaɗai ba alamar ruɗewa ba ne, manya ma suna yi. Abin dubawa shi ne ko yaron zai iya zarcewa da Hausa zalla in ya zauna da kakarsa da ba ta jin wani harshe.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi, sai naci. A ware wa Hausa fili nata da ba ya sauyawa, mafi sauƙi shi ne daga ƙofar gida zuwa ciki, har da tsakanin yayye da ƙanne, domin su ne suka fi shigo da Buroka. In yaro ya ce "Mama ya dawo", kada a yi masa dariya ko tsawa, a maimaita masa daidai cikin hira: "E, ta dawo, me ta kawo maka?" Yaron da aka yi wa dariya sau biyu yakan kama bakinsa. A ba shi minti 15 zuwa 20 kullum na tatsuniya ko kacici-kacici, a bar shi ya maido da labarin da bakinsa. Dogon hutun makaranta a Katsina ko Zariya, cikin sa'o'insa da ba za su amsa masa da Buroka ba, ya fi wata shida na faɗan iyaye tasiri. Da ya iya haɗa baƙi a makaranta, wajen shekara 6 ko 7, a nuna masa rubutun Hausa. Aikin kaɗan ne: ɓ, ɗ, ƙ, 'y, ts, sai c da ke da wani sauti daban da na Turanci.

Wata tambaya da ke yawan zuwa ita ce ko yawan harsuna na jinkirta magana. Galibin yara kan faɗi kalmar farko wajen shekara 1, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2, da kalmomi kimanin 50. Ga ɗan Legas a haɗe ake ƙirgawa, na Hausa da na Yarbanci da na Turanci duka. In an haɗa kuma bai kai ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, asibiti za a kai shi a auna jinsa. Rage masa harshe ba zai warkar da kunne ba.

A wurin aiki ma batun yana bin mutum. A kasuwar Mile 12, a mayankar Oko-Oba, a layin tireloli na Apapa, Buroka ce ke haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo, kuma ta wadatar wajen ciniki. Inda take gazawa shi ne umarni mai haɗari ko mai matakai da yawa, kamar sarrafa inji ko haɗa maganin feshi. Bahaushe in ya ce "to", sau da yawa na ji yake nufi, ba na gane ko na yarda ba, kuma kunya kan hana shi ce wa oga a maimaita. Tambayar "ka gane?" ba ta da amfani a nan. A sa shi ya faɗi matakan da bakinsa, da harshen da ya fi sakewa, ko ya gwada a gani.

Ladabi ma kowa da yadda ya koya a gida. Sunkuyar da kai gaban babba girmamawa ce a wurinmu, amma a ofis manaja kan ɗauka rashin gaskiya ne ko rashin ƙwarin gwiwa. Bayarabe kuma yana da kalmar girmamawa, ẹ, da yake yi wa na gaba da shi, mai koyon Yarbanci da ya yi wa dattijo o ta sa'a ya yi ɓarna bai sani ba. Namijin da ba ya musabaha da mata, gara ya dafa ƙirji ya gaisa da fara'a tun kafin a miƙo hannu. Ita kuwa "aboki", kalmar mutunci ce a Hausa, amma yadda ake jefa ta a titin Legas yakan zama raini, shugaban wurin aiki da ya sa a kira kowa da sunansa ya kashe rigima tun ba ta tashi ba.

Sai lokaci da kuɗi. "Bayan la'asar" a kunnen Bahaushe fili ne mai faɗi har kusan magariba, mai jiran kaya a sito kuwa ƙarfe nawa yake son ji. Jaka a ƙirgen kuɗi naira 200 ce, shi ya sa jaka biyar ke nufin dubu ɗaya, kuma tsofaffin Yarbawa suna da irin wannan ƙirge da kalmar apo. Matashin akawu da ya tashi da Turanci bai san ko ɗaya ba, yana iya zaton buhun kaya ake nufi. In an gama ciniki da baki, a rubuta adadin da lambobi da ƙarfen da za a kawo kaya, a tura wa juna ta waya kafin mota ta tashi.